Albasata ta fara kwantar da wuya cikin zafin nan: in yanke ruwa ko in ci gaba?

Tela Mai Garka, Tawa:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni tela ne a cikin garin Tawa, amma muna da garka a kwarin Tadis, ni da yayana, gadon mahaifinmu. Tumatir da kabeji da salati muka saba yi. Bana ne muka zuba albasa da yawa, jar nan irin ta Galmi, da niyyar mu ajiye ta har damana ta yi nisa, don kowa ya san wanda ya kai kasuwa a watan Afrilu kusan kyauta yake bayarwa.

Dashe mun yi shi a farkon Disamba, yanzu ga mu a ƙarshen Maris. Ƙwan albasar ya cika, kafaɗarsa ta ɓullo saman ƙasa, bakin ganye ya fara rawaya, kuma in na duba fangalan nan kamar kashi ɗaya cikin uku sun kwantar da wuya. Sauran suna tsaye ƙyam.

Na sayi wani ɗan ma'auni mai batir a wajen masu kayan waya, yana nuna zafi a sama, laimar iska a ƙasa. Na rataye shi a jikin dogon yaron da ke bakin rijiya, cikin inuwa. Da azahar yana kai digiri 40, wani lokaci 41, laima kuwa ba ta wuce kashi 10 zuwa 12 cikin 100. Da asuba zafin yakan sauka 24, laimar ta hau wajen 30. In an gama ban ruwa na tura shi tsakanin ganye, sai in ga ta haura 50.

Ga inda muka rabu da Yaya. Shi ya ce a irin wannan rana in aka daina ban ruwa albasa dahuwa za ta yi a cikin ƙasa, don haka a ci gaba da ba ta har ana gobe tono. Ni kuma abin da na gani a garkar maƙwabcinmu bara ya hana ni sakewa: ya shayar da tasa har ƙarshe, ta fito ƙatuwa ƙatuwa, gwanin sha'awa, amma kafin Agusta ya ƙare in ka ɓare ɓawo sai ka ga baƙin gari kwance a ciki, wasu kuma sun zama ruwa, warin yana kai wa har bakin hanya. Yaron da ke mana aiki shi ma da tasa, wai a bi a tattake ganyen da bai kwanta ba don su nuna tare.

Sai batun wurin ajiya. Muna da ɗakin siminti mai rufin kwano a gida, babu kowa ciki. Wani abokin Yaya kuma ya ce zai ara mana shagonsa mai na'urar sanyaya ɗaki, a tsayar da ita a digiri 18, wai sanyi ne maganin ruɓa. Ni dai rudu, rumbun nan na kara da zana da ake ajiye albasa, nake so in sa a yi, amma ana min dariya wai na koma zamanin kakanni. Masu sani ku taimaka, kwanakin ba su da yawa.

Tsoho na Galmi:

Wa alaikumus salam ɗana. Jikana ne ke rubuta mini, ni ban iya latse-latsen nan ba.

Ka gai da yayanka, ka ce mishi ya kashe injin ban ruwa. Albasa in ta fara kwantar da wuya ta gama shan ruwanta na duniya. Duk abin da anka ƙara mata bayan nan ba ƙwai yake zama ba, a wuya yake tsayawa, kuma wuyan nan shi ne ƙofar da ruɓa ke shiga. Mu nan inda ƙasa ke da laka, mako biyu muke bari tsakanin ruwan ƙarshe da tono, wani ma ya kai uku. In taku jigawa ce mai rairayi, kada ka wuce kwana bakwai zuwa goma, don ita ba ta riƙe sanyi, kuma can ne maganar yayanka ke da ɗan gaskiya.

Ba ido kaɗai za ka bi ba. Ka tsuguna ka kama wuyan da yatsa biyu, daidai inda ya haɗu da ƙwai, ka murza. In ka ji shi taushi, kamar babu kome ciki, ta nuna ko da ganyen yana tsaye. In ka ji tauri yana turo yatsanka, da saura. In rabi sunka kwanta, ko sunka ɗan haura rabi, ka shiga tono. Kada ka jira ta ƙarshe ta kwanta, don kafin nan na farko sun gasu.

Maganar tattaka kuwa, ka hana yaron nan. Mun ga masu yi, mu ma an yi a gabanmu tun muna yara. Wuyan da ya kwanta don kansa a rufe yake. Wanda anka karya da ƙafa rauni ne, ruwa na ciki, ƙasa ta shiga. A ido duk sun kwanta, amma a rudu za ka gane bambancinsu.

Tono kuma da sassafe ko bayan la'asar. In ka cire, kada ka yanke lawashi, kada ka buga ƙwai da ƙwai don kakkaɓe ƙasa. Ka jera su layi layi a cikin fangali, ganyen layin baya ya rufe ƙwan layin gaba, yadda rana ba za ta ga ƙwai ko ɗaya ba. Wanda rana ta duka za ka gan shi da tabo fari, ya yi laushi a gefe guda, wannan ba ya ajiyuwa. Kwana uku zuwa biyar a haka ya isa a zafin wanga lokaci, sannan ka kwashe zuwa rumfa ta ƙarasa bushewa a inuwa. Sai ranar da ka murza wuya ka ji ya zama kamar igiya, ɓawo yana ƙara in ka taɓa, sannan wuƙa ta hau. Ka bar wuya tsawon yatsa biyu ko uku a kwance.

Masu yi maka dariyar rudu su zo Galmi su ƙirga rudu nawa ne a bayan gari. Amma tambaya ɗaya nike da ita: yaushe kunka zuba takin zamani na ƙarshe, farin nan?

Malamin Gona, Yamai:

Baba ya gama magana a kan gona, Allah ya ƙara girma. Ni zan ɗora a kan lambobin da ma'auninka ke nunawa, Malam Tela, don ina ganin sun fi tsorata ka fiye da yadda ya kamata.

Digiri 40 da laima kashi 12 ba abokan gabar albasar da ta nuna ba ne. Wannan busasshiyar iskar ta Maris da Afrilu ita ce ma ta sa yankinku na Adar da kwarin Maggiya suka yi suna da albasa mai ajiyuwa. A ƙasashen Turai sai sun hura iska mai ɗumi da inji, wajen digiri 25 zuwa 30, kafin wuyan albasarsu ya bushe. Ku kyauta kuke samu. Abin da za ka kiyaye a yanzu rana ce kai tsaye, domin ma'auninka yana inuwa, amma fuskar ƙasa da tsakar rana takan haura digiri 55. Shi ya sa Baba ya ce a rufe ƙwai da ganye.

Dalilin barin ganye ya bushe a jiki kuma biyu ne. Wuya yana tsukewa ya toshe hanya, sannan akwai sinadarin da ke sauka daga ganye zuwa ƙwai a kwanakin ƙarshe, wanda ke hana ta tsiro da wuri. In aka yanke ganye ɗanye an yi asarar duka biyun.

Yanzu batun shagon mai sanyi. Don Allah ku gode wa abokin Yaya, amma kada ku kai. Albasa tana da wani hali da ke ruɗa mutane: tana zama lafiya a sanyi sosai, digiri 0 zuwa 2, tana kuma zama lafiya a zafi, daga 25 zuwa wajen 30. Tsakiyar ce matsala. Tsakanin digiri 10 da 20 ne ta fi saurin farkawa ta fid da tsiro, kuma 18 ɗin da aka ce a tsayar da na'urar yana cikin wurin daidai. Za ku biya kuɗin wuta don ku tsirar da albasarku. Ga kuma ɗaukewar wuta: duk lokacin da na'urar ta tsaya, iska mai ɗumi ta shigo ta tarar da ƙwai da sanyi, sai ruwa ya kwanta a jikinsa yadda yake kwanciya a jikin kwalbar da aka fitar daga firij. A watan Agusta wannan kaɗai ya isa.

Baƙin garin da ka gani a ta maƙwabcinku fumfuna ce, a littafi ana kiranta Aspergillus niger. Ƙwayarta tana cikin ƙasa da ƙura, babu garkar da ba ta. Ba ta tashi sai abu biyu sun haɗu: zafi wajen digiri 30 zuwa sama, da laima da ta haura kashi 80. A Afrilu kuna da na farko, babu na biyu. Daga Yuli zuwa Satumba kuwa, a Tawa ma da ruwanta bai kai na Gaya ko Dosso ba, laimar asuba takan haura 80 bayan an yi ruwa. A nan ne duk wadda ta shiga ajiya da ɗanyen wuya ko ƙujewa a jiki take tona asirin kanta. Wadda ta zama ruwa mai wari kuma ƙwayoyin bakteriya ne, su ma ta wuya da rauni suke shiga.

Laimar da ake nema a wurin ajiya kashi 65 zuwa 70 ce. In ta yi ƙasa sosai, kamar yanzu, ɓawo yana tsagewa ya zube, nauyi yana raguwa. Wannan asara ce, amma ƙarama. In ta yi sama, saiwa ta fito, fumfuna ta biyo baya, wannan ita ce babba. Don haka kada wani ya ba ka shawarar yayyafa ruwa a ƙasan rudu wai don a rage zafi.

Ɗakin siminti mai kwano shi ne mafi muni cikin ukun, in dai ba shi da tagogi masu fuskantar juna. Albasa tana da rai, tana numfashi, tana fitar da ɗumi da tururi. A rufaffen ɗaki tururin ba shi da wurin zuwa. Da rana kwano ya gasa, da dare ya huce, tururi ya taru a jikinsa ya ɗigo. Rudu kuwa kara ne da zana, iska tana ratsa shi ta ko'ina, ciyawar rufi ba ta ɗaukar zafi. Aibinsa shi ne yadda ake cika shi har wuya, ta ƙasa ta danne, kuma ba ka iya ganin ta tsakiya. In za ka iya, ka sa a yi maka mai faɗi da kantoci hawa biyu ko uku, kowane kada zurfin albasa ya wuce santimita 30 zuwa 40, da hanyar da mutum zai shiga ya tsince.

Wani abu kan ma'aunin naka. Irin waɗannan masu araha sukan yi kuskure a laima. Ka zuba gishiri a murfin kwalba, ka ɗiga ruwa har ya jiƙe amma bai narke ba, ka sa shi tare da ma'aunin cikin roba mai murfi, ka rufe ruf ya kwana. Da safe ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 68, ka san kullum za ka riƙa ƙara 7 a kan abin da ya gaya maka.

Tela Mai Garka, Tawa:

Baba, Allah ya ja kwana, ya bar mana ku. Malam, na gode ƙwarai.

Na karanta wa Yaya duka a bakin rijiya. Bai ce na yi gaskiya ba, ba halinsa ba ne, amma ya tsuguna yana murza wuyan albasa ɗaya bayan ɗaya har ya kai ƙarshen fangali, ya tashi ya ce man injin ma ya yi tsada. To mun gane.

Ƙasarmu gauraye ce. Ɓangaren da ke kusa da rijiya laka ce baƙa, in ta bushe tana tsagewa. Can sama wajen shinge rairayi ne. Na lura ma na saman su suka fi kwanciya, na lakar ne ke tsaye. Kenan in na fahimta, ba rana ɗaya za mu tone su ba: na rairayi su riga, na laka su biyo baya da mako guda ko fiye.

Farin taki, Baba, na ƙarshe a tsakiyar Fabrairu muka zuba, lokacin da ƙwai ya fara kumbura. Sai dai fangali huɗu na bakin rijiya Yaya ya ƙara musu a farkon watan nan saboda ya ga ganyen ya yi fari. Su ne yanzu ganyensu ya yi kore shar, wuyansu ya kai kaurin babban yatsa. Akwai kuma waɗanda suka fid da sandar fure, ba su da yawa.

Amma ga wata sabuwa da ban kawo ba da farko. Matar Yaya da ƙannenta sun riga sun sa rai da lawashin nan, gabu za su yi, dakakken ganyen albasa da ake busarwa don miya. Da na ce ganye zai bushe a jikin albasa, kallon da aka yi mini ba na alheri ba ne. Ta ce busasshen ganyen da rana ta cinye ba ya dakuwa, ba ya ƙamshi, kuma kowace shekara da kuɗin gabu take yi wa yara kayan salla. Ni ne kuma mai ɗinkin, don haka maganar ta shafe ni ta gefe biyu.

Hajiya Mai Gabu, Madawa:

Ƙanena, matar yayanka ba ta yi ƙarya ba. Gabu da ɗanyen ganye ake yi. A yanka, a daka a turmi tun yana da ruwansa, a dunƙule, a shanya. Wanda ya bushe a gona ya zama ciyawa, sai dai awaki. Maza in suna lissafin albasa buhu kawai suke ƙirgawa, ba sa ƙirga abin da ganye ke kawowa gida, alhali shi gabu ba ya ruɓa, ba ya tsiro, yana shekara a tukunya, kuma in damana ta tsaya albasa ta yi tsada shi ne ke cikin miyar talaka.

Amma ba sai an yi faɗa ba, don kai da bakinka ka faɗi mafita. Fangali huɗun nan masu kaurin wuya da yayanka ya ƙara wa taki, ko ka bar su wata guda a rana wuyan ba zai rufe yadda ake so ba. Ba na ajiya ba ne. Haka masu sandar fure, cikinsu akwai rami, su ne farkon ruɓewa. To waɗannan ka ba mata ganyensu tun yana kore, ƙwan kuma a kai kasuwa cikin satin, ko a ci a gida. Mu nan abin da ya fashe ko ya yi ƙanana ma ba ma zubarwa, yankawa muke mu shanya, shi ma gabu ne. A lokacin nan na busasshiyar iska kwana kaɗan ya bushe ƙarau. Sai dai a shanya a kan tabarma ko zana, ba a kan leda ba, don leda tana sa shi gumi ta ƙasa ya yi baƙi.

Abin da ba zan goyi bayanta ba shi ne a bi duk garka da wuƙa ana gobe tono, yadda wasu ke yi. Na sha gani a nan kwarin Tarka. In ka yanke za ka ga ruwa fari yana tsattsafowa a bakin wuyan, ƙuda na sauka. Wannan albasar ta mai saye ce yau yau, ba ta rudu ba.

In ya zo ga tsincewa a rudu kuma, ka sa mata a ciki. Hanci ake bi kafin ido, kuma mu muka fi ku jin wari.

Dillali, Tsernawa:

Salamu alaikum. Hajiya ina wuni, Baba ina gajiya. Ni ba manomi ba ne, lodi nake haɗawa masu zuwa Gana da Kodebuwa, don haka ta ƙarshen hanya zan yi magana.

Dalilin da ya sa mutane irin yayanka ke son ruwan ƙarshe ba wauta ba ce. Da buhu ake saye, ba da kilo ba, kuma wadda ta sha ruwa ta fi cika buhu, ta fi sheƙi. Wanda zai sayar a bakin gona ya karɓi kuɗinsa, shi ya ci riba, asarar tana kan wanda ya ɗora a mota. Shi ya sa mu ma muka koyi dubawa. Ina zura hannu tsakiyar buhu, ba sama ba. In na ji ɗumi da danshi, na san an shayar da ita kusa da tono. In na danna gindin wuya da babban yatsa ya lotsa, ko an rage mini kuɗi ba na ɗauka zuwa Akara ko Abijan. Can bakin teku iska jiƙe take dare da rana, ga kuma tsawon tafiyar. Albasar da za ta yi kwanaki a ƙarƙashin tampol, in ba ta bushe tun daga gona ba, ruwa ne zai riƙa ɗiga ta ƙasan mota kafin a isa.

Shawarata biyu. Kada ka ajiye a cikin buhu, balle na leda irin na taki ko na shinkafa. A zube take son zama, buhu sai ranar da za ta tafi. Sannan kada kwaɗayin farashi ya sa ka wuce lokaci. Tana hawa daga Yuli, ta yi kyau a Agusta da Satumba, amma daga wajen Oktoba ta Agadas, wadda suke nomawa da damana, tana fara saukowa kasuwa. Kuma kowane mako da ka ƙara a rudu akwai abin da kake zubarwa. Ka riƙa fitarwa kashi kashi. Manyan ƙwai su fara tafiya, don su ne ba su da haƙuri. Matsakaita masu siririn wuya, masu ɓawo biyu ko uku a rufe, su ne za ka bari na ƙarshe.

In ka tashi fitarwa kuma ka yi magana a nan tun da wuri, akwai masu zuwa Tamaske da Keita ɗaukar kaya, Tawa a kan hanyarsu take.

Tela Mai Garka, Tawa:

Hajiya, kin raba gardama. Na faɗa mata fangali huɗun bakin rijiya nata ne har da masu fure, ta ce ai da ma ta san haka za a ƙare. Gobe da sassafe za su shiga.

Gwajin gishiri na yi, Malam. Ya nuna 71, kenan 4 zan riƙa ƙarawa. Zan mai da ma'aunin cikin rudu in an gama, in rataye shi a tsakiya, ba a bakin ƙofa ba.

Mai yin rudun ya zo ya duba wuri. Na so a kafa shi a gindin dogon yaro saboda inuwa, shi kuma ya ce a'a, can kan tudu wajen shinge inda iska ke wucewa kuma ruwa ba ya kwanciya, don a ƙarƙashin itace ganye yana ta ɗiga bayan an ɗauke ruwa, rufi ba ya bushewa. Na bi tasa. Mun yi da shi zai yi mai tsawo maimakon zagayayye, kantoci hawa biyu, rufin ya zarce bango sosai ta gabas, tunda daga nan hadari ke bugowa da iska. Karan gero muna da shi, zana ce za mu saya.

Abin da ya rage mini gara ce. Wurin nan akwai ta, shingen ma kowace shekara sai mun canja. Ƙafafun rudu na itace ne, ina tsoron kafin Satumba ta cinye su kaya su zube ƙasa. Kuma tsayin nawa ya kamata a ɗaga shi?

Tsoho na Galmi:

Ɗana, ka ɗaga shi ya kai gwiwarka ko ya ɗan wuce, yadda kaza za ta shige ƙarƙashi ta fito ba ta sunkuya ba. Kaji ma ka bar su su shiga, suna rage gara. Kada itace ya taɓa ƙasa: ka sa dutse mai faɗi a ƙarƙashin kowace ƙafa, duwatsu ba su yi muku wuya a Adar. Wasu suna shafa baƙin man inji a gindin itacen, yana yi, amma a ƙafa kaɗai, kada ya kusanci inda albasa take don tana ɗaukar wari. Ka share ciyawa da kara duk kewaye, ka zuba toka a gindin duwatsun, in ruwa ya wanke ka sake. Duk ranar da ka shiga tsincewa ka leƙa ƙafafun, in ka ga ta fara ɗora hanyarta ta ƙasa a jikin dutse ka kankare.

Tsincewa kuma yanzu da rani ko bayan mako biyu ya isa. Daga ruwan farko, kowane mako. Wadda ka cire ruɓaɓɓiya kada ka yar a gindin rudu, ka kai nesa ka binne, ka wanke hannu kafin ka koma taɓa sauran.